Karu: Ƙasar Da Akuya Ke Tsoron Ruwan Sama

Wanda ya bar birnin Gqeberha na Afirka ta Kudu, wato tsohon Port Elizabeth da aka sauya wa suna a 2021, ya kama hanyar arewa zuwa Graaff-Reinet, ba zai yi tafiyar awa biyu ba sai ya ga ƙasa ta sake kama. Ɗanyen ciyayin bakin teku ya ɓace, duwatsu masu shimfiɗaɗɗen kai suka bayyana daga nesa, ƙasa ta koma ja mai tsakuwa, babu abin da ke tsaye a kanta sai gajerun itatuwa masu ƙaya, da shingen waya, da famfon iska mai jawo ruwa daga rijiya. Wannan ita ce Karu. Na bi hanyar a watan Agusta bayan wani taron malaman jami'a, kuma mai karatu ya tuna cewa a can Agusta ƙarshen hunturu ne, sanyinsa kuwa ya fi na Jos a Janairu.

A kewayen ƙaramin garin Jansenville akwai wani tsiro mai ƙaya da farin ƙaro, ɗan'uwan ƙeranarmu, da mutanen wurin ke kira "noors". Ya mamaye filin har yankin ya ci sunansa, kuma idan fari ya tsananta akan daddatsa shi a ba dabbobi. A tsakanin wannan tsiro ne baƙo zai fara hango su: awaki farare fat, gashinsu ya sauko a murɗe kamar igiyoyin alharini har kusa da ƙasa, ya rufe musu goshi. Su ne awakin Angora, masu gashin da duniya ke kira moheya. Kusan rabin moheyar duniya daga Afirka ta Kudu take fitowa, mafi yawanta daga wannan busasshen yanki, sai maƙwabciyarta Lesoto ke biye mata.

Asalin akuyar daga ƙasar Turkiyya ne, daga kewayen Ankara, wadda Turawa ke kira Angora a da. Kalmar moheya kanta daga Larabci take, daga "mukhayyar", wato zaɓaɓɓe. A 1838 wani Kanar John Henderson ya shigo da bunsurai 12 da akuya guda. Labarin da ake bayarwa a Karu shi ne, tun kafin a loda su a jirgin ruwa an riga an fiɗiye bunsuran duka, don kada irin ya yaɗu a wata ƙasa. Abin da masu fiɗiyar ba su lura da shi ba, akuyar na ɗauke da ciki, ta kuma haifi ɗan bunsuru a kan hanya. Daga shi aka fara, kafin daga baya a shigo da wasu garkunan. Yau Turkiyya, mai asalin abin, tana bayan waɗanda ta so ta hana.

Mu da muka san akuya a matsayin dabbar da ba ta neman kowa, wadda ke cin takarda a bola ta kwana a gindin katanga ta kuma haifi tagwaye, sai mun sake tunani a nan. Ɗaruruwan shekaru na zaɓen iri sun mai da jikin akuyar Angora masaƙa. Gashinta na tsiro kimanin santimita 2 da rabi a wata, kuma jikin yana ci gaba da tura abinci ga gashin ko da dabbar na fama da yunwa. Saboda haka ba ta tara kitse, ba ta da ajiyar da za ta dogara da ita ranar wuya. Ana yi mata aski sau biyu a shekara, wajen Janairu ko Fabrairu, sannan Yuli ko Agusta, kuma makonni shida da ke biyo bayan aski su ne lokacin fargaba. Idan ruwan sama ya haɗu da iska mai sanyi ya sami garke a fili, sukarin jinin dabbobin ya faɗi, su ƙanƙame, kafin gari ya waye an yi asarar ɗaruruwa a gona ɗaya. Ƙasa ce da manomi ke roƙon ruwa duk shekara, amma ranar da ya gama aski, hadari ne babban abokin gabansa.

A gonar da na sauka na ga yadda wannan tsoro ke tsara rayuwa. Mai gonar ba ya rabuwa da hasashen yanayi a wayarsa. An gina rumfuna a kusurwoyin makiyaya, an kuma bar garken da aka aske a kusa da gida. Da yamma ta yi gajimare ya taso daga kudu, sai ma'aikata suka bazu a kan dawaki da babura suna koro awakin zuwa rumfa, aka zuba musu masara da busasshiyar harawa don jininsu ya ɗumama. Ruwan bai ma sauko ba a daren. Babu wanda ya yi gunaguni. Haka za su sake yi gobe idan sama ta ɓata rai.

Haihuwa ma da nata sharaɗin. Ana sakin bunsurai wajen Maris da Afrilu, bayan wata biyar a haihu a Agusta da Satumba. Akuyar da ba ta ƙoshi ba takan yi ɓari wajen wata na huɗu, kuma mai haihuwar fari tana iya tafiya kiwo ta manta inda ta bar ɗanta. Don haka akan ware masu ciki a ƙananan shingaye, a riƙa zagaya su safe da yamma. Ga dila, ga wata jar kyanwar daji mai dogayen kunnuwa, dukansu sun san lokacin haihuwa. Wasu manoman kan sa manyan karnukan tsaro na Anatoliya a cikin garke, wato kare ya biyo tsohuwar maƙwabciyarsa daga Turkiyya bayan shekara fiye da ɗari. Sai wankan magani saboda ƙwarƙwata da kaska, da kiyaye garke daga ciyayi masu maƙalewa, domin ƙarangiya ɗaya a gashi rage farashi ce.

Duk wannan wahala saboda 'yan awakin ake yin ta. Gashin askin farko kaurinsa wajen maikuron 25 ne, gashin kan mutum ya ninka shi kusan sau uku, kuma shi ne ke shiga kwat masu tsada na Italiya. Akuya na girma gashinta na kauri, darajarsa na sauka, har ya koma na darduma da rigar kujera. A rumfar aski na tsaya kallon matan da ke tantance gashi a kan tebur. Da taɓawa kawai suke raba shi aji-aji, bisa laushi da tsawo da sheƙi, da sauri irin na mai tsince shinkafa. Ni dai ban taɓa ganin ilimin da ba shi da takardar shaida ya yi tasiri a kan farashin kaya kamar wannan ba.

A nan ne zancen ya daina zama na dabba kawai. Graaff-Reinet, da aka kafa a 1786, sansani ne na manoman Turawa da suka kutsa cikin makiyayar Khoekhoe da farautar San suka mallake ta. Garin ne ya haifi Robert Sobukwe a 1924. Mulkin wariyar launin fata ya faɗi a 1994, amma mafi yawan manyan gonakin moheya suna hannun iyalan da suka gaje su tun kaka da kakanni. Masu fita cikin dare su koro garke, da masu aski da yawansu 'yan ci-rani ne daga Lesoto, da matan teburin tantancewa, albashi kawai suke ɗauka. Akwai asusun da masana'antar ta kafa don tallafa wa baƙaƙen manoma masu tasowa, kuma ƙoƙari ne da ya cancanci yabo, sai dai a ƙasar da akuya ɗaya ke buƙatar fili mai faɗi kafin ta ƙoshi, wanda ba shi da ƙasa ba shi da garke, kome gwanintarsa.

Masu gonakin ma ba su ne ke riƙe da linzami ba. Ana kai gashin gwanjo a Gqeberha, a wanke shi a taje, sannan mafi yawansa ya tafi Italiya da Sin a saƙa. Ɗan Sakkwato ko Maraɗi zai gane wannan labari, domin fatar jar akuyarsu ta daɗe tana ƙetare Sahara ana sayar da ita a Turai da sunan fatar Maroko. A ƙarshen shekarun 1980 Afirka ta Kudu na samar da kusan kilo miliyan 12 a shekara. Yanzu abin bai wuce wajen miliyan 2 ba. A Teksas ta Amurka kuwa, garkunan sun zube bayan da gwamnati ta janye tallafi a tsakiyar shekarun 1990. A 2018 ƙungiyar kare dabbobi ta PETA ta fitar da bidiyon cin zalin awaki a wasu gonaki, nan take kamfanoni irin su H&M da Zara da Gap suka ce za su daina sayen moheya. Abin da bidiyon ya nuna mummuna ne, babu mai kare shi. Amma hukuncin ya faɗa kan mai laifi da marar laifi, a daidai lokacin da fari ya kai ga madatsar ruwan Nqweba ta Graaff-Reinet ta ƙafe ƙarƙaf a 2019. A 2020 aka fito da ƙa'idar kula da dabbobi da gona za ta cika kafin manyan masu saye su karɓi gashinta. Ƙa'idar ta gyara abubuwa da dama a rumfunan aski, sai dai tana tafe da masu bincike da tulin takardu, waɗanda babban manomi mai akawu ke cikewa cikin sauƙi, makiyayin tsaunukan Lesoto mai awaki talatin kuwa sai ya jira ƙungiyarsu ta samo mai cike masa.