Daga Sarkin Hausa zuwa Birnin Damagaram: Bin Sawun Ginin Ƙasa

Ranar 3 ga Satumba 2024, tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni a Damagaram ya rushe bayan ruwan sama mai ƙarfi. An gina shi a tsakiyar ƙarni na 19, kuma in aka ɗauke masallacin Agadas, babu masallacin da baƙi suka fi zuwa gani a Nijar kamarsa. Labarin ya iso mu a Sarkin Hausa ta rediyo da wayoyin samari. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, magini ne da ya gaji sana'ar, kuma rabin rumbunan unguwarmu hannunsa ne. Ya ce in an gama girbi zai je ya gani da idonsa, domin bai yarda ruwan rana ɗaya zai kayar da ginin da ya haura shekara ɗari da saba'in ba. Da aka ɗaure dammunan hatsi, sanyi ya fara busawa, na ɗauki jakarsa muka kama hanya.

Mun fara da Mayahi, wadda ba ta da nisa daga garinmu. Hanyar ta ratsa gonakin jigawa, itatuwan gawo sun fara fitar da ganye kamar yadda suka saba idan damina ta wuce, sannan muka gangara kwarin Gulbin Kaba inda goruba ta yi yawa. Kawu bai kula da wannan ba, idonsa na kan gine-gine. A kowane ƙauye yakan nuna mini ɗakin ƙasa mai rufin azara, kusa da shi kuma sabon ɗakin bulo da kwano, wanda yawanci kuɗin ɗan cirani ne ya gina shi. Bai zargi kowa ba. Ya ce azara ta yi tsada saboda giginya ta ragu, kuma wanda ya kwana yana tarar yoyo da ƙwarya ba za a ga laifinsa ba in ya sayi kwano.

Daga Mayahi muka nufi Tasawa. Garin yana da tarihin da ya fi gine-ginensa tsufa. Yana cikin wuraren da sarautar Katsina ta Haɓe ta sami mafaka bayan jihadi, kuma a watan Janairun 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka a nan, ya yaba da yalwar kasuwar garin da walwalar mutanensa. A zamanin Faransa ma nan ne mazaunin kwamandan yankin, kafin a mai da shi Maraɗi a 1927. Amma wanda ya sauka tasha yau shagunan siminti zai gani a jere, da rumfunan kwano, da ƴan kabu-kabu. Sai da muka kutsa lungu muka ga wani tsohon zaure mai zankwaye, an shafe fuskarsa da siminti, simintin ya tsage ya fara ɓallewa.

Kawu ya ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa, ya ce, "Ka ji, ɗana? Kogo ne a ciki." Ya bayyana mini cewa ƙasa tana shan laima tana fitarwa, siminti kuwa ba ya bari ta fita. Ruwa ya shiga ta tsaga, ya rasa mafita, ya zauna yana cin tubali a ɓoye, har ranar da fuskar za ta zubo gaba ɗaya. Mai gidan ya yi ne da niyyar ya huta da yaɓen kowace shekara, sai ya gajarta wa zauren kwana.

A daren da muka kwana Tasawa, hira ta kai mu Maraɗi. A 1945 ambaliyar Gulbin Maraɗi ta cinye tsohon garin da ke cikin fadama, Faransawa suka mai da jama'a kan tudu, suka yanka tituna miƙaƙƙu masu faɗi. Unguwanni irin su Mokoyo da Ɗan Gulbi da Limanci suna nan da sunayensu, amma lunguna da soraye na garin da Sarki Ɗan Kasawa ya kafa sun tafi da ruwa. Shi ya sa mutumin ƙasar Maraɗi da ke son ya ga yadda birnin Hausa yake kafin zuwan Nasara dole ya yi gabas zuwa Damagaram, ko ya tsallaka iyaka zuwa Katsina da Kano.

Da asuba muka shiga motar Damagaram. Mun wuce Maijirgi, inda tafiyar ta'asar hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine ta ƙare a Yulin 1899, da Takeita inda hanyar Matamai da Kano ta rabu, da Tirmini inda dakarun Sarki Ahmadu Kuren Daga suka gwabza da Faransawa a ƙarshen wannan watan. Da hantsi manyan duwatsun Damagaram suka bayyana.

Abin da baƙo zai fara gani shi ne sabon aiki. A shekarun baya gwamnati ta riƙa zagayawa da bikin ranar Jamhuriya, 18 ga Disamba, daga jiha zuwa jiha, kowane gari a yi masa gyara kafin baƙi su zo: Doso a 2014, Maraɗi Kwalliya a 2015, Agadas a 2016, Tawa a 2017, sannan Damagaram a 2018 da shirin da aka kira Zinder Sabuwa. Tituna sun sha kwalta, an kafa fitilu, an ƙawata shataletale. Direbanmu ya yaba, mu ma mun yaba, domin wanda ya san ƙurar garin a da ba zai raina wannan ba. Garin da ya riƙe matsayin babban birnin Nijar daga 1911 zuwa 1926 ya cancanci fiye da haka ma.

Damagaram gari uku ne a haɗe. Akwai Zango, masaukin ayarin Abzinawa da attajirai irin su Malam Yaro. Akwai Sabon Gari da ya taso a zamanin Turawa, mai ofisoshi da kasuwar Dole. Akwai kuma Birni, mazaunin sarauta, wanda Sarki Tanimu ɗan Sulaimanu, da ya rasu a 1884, ya ƙarfafa ganuwarsa har ya ƙera igwa a cikinsa. Ganuwar yanzu sai guntaye. Da muka bar kwalta muka shiga Birni, lunguna suka ƙuntata, suna karkacewa tsakanin duwatsu, inuwa ta sauko, zafin rana ya ragu a jikinmu nan take.

A ƙofar wani tsohon gida Kawu ya tsaya har na gaji da tsayuwa. Fuskar zauren cike take da zane mai tudu: dagi a tsakiya, da'irori da layuka sun kewaye ƙofa, zankwaye a sama sun miƙe. Ya nuna mini yadda aka ɗora laka da hannu tun tana ɗanye, aka fitar da zanen da yatsa da wuƙa, sannan aka bi da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ake kwaɓawa da ƙasa don ruwa ya zame. Mai gidan, dattijo ne, ya fito ya ce mu shigo daga ciki. A zauren, bakan gizo sun taso daga bango huɗu sun haɗu a tsakiyar rufi. Kawu ya ɗaga kai yana bin yadda aka jera azara hawa-hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, aka ɗaure, aka lulluɓe da ƙasa.

Ya ce, "Baba, wa ke yi muku yaɓe?"

Dattijon ya ce, "Malam, wanda ke yi mana ya rasu. Ƴaƴansa bulo suke bugawa. Gidan kuma na gado ne, magada sun watsu, wani na Yamai, wani na Kano. Kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara."

Wannan amsar ta fi duk abin da na ji a tafiyar nauyi. Gidan da ba shi da mai shi guda ɗaya ba shi da mai hawa rufinsa kafin damina ya share indararo, ya toshe tsaga, ya cire ciyawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a Birni mun ga tsaga da yawa. Mun ga inda aka rushe soro aka ɗora shagon siminti, mun ga kango da ya zama juji, mun ga gindin bango da ruwan lungu ya rarake saboda babu magudanar da za ta fitar da shi.

Daga nan muka isa inda masallacin yake, kusa da fada. Tsibin ƙasa muka tarar, da guntayen azara. Kawu ya tsuguna ya ɗauki wani tubali da bai fashe ba, mai siffar ƙwai, irin wanda ake murzawa da hannu ba tare da ma'auni ba. Ya juya shi, ya gutsuri gefensa, ya nuna mini ciyawar da aka kwaɓa da ƙasar tana nan ba ta ruɓe ba. Ya ce, "Tubalin nan lafiyarsa ƙalau. Ruwa ta sama ya shiga, ko ta gindi. Ginin ƙasa rawani da takalmi yake so, in ka tsare masa kai da ƙafa zai binne jikokinka." Ya mai da tubalin inda ya ɗauke shi, muka yi addu'a ga waɗanda suka gina da waɗanda suka yi salla a ciki.

Daminar 2024 ta yi tsanani a Nijar baki ɗaya, ta ci rayuka da gidaje masu yawa, kuma ba wanda zai musa ƙaddara. Amma abin ya maimaitu da yawa a ƙasar Hausa har ya wuce a ɗora wa ruwa shi kaɗai. A watan Agustan 2023 wani sashe na Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu tun shekarun 1830, ya rufta kan masallata, aka yi asarar rayuka. A Kano an rushe Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi, kuma badala tana ta ƙarewa a hannun masu ɗibar ƙasa da masu yanka filaye. A wani wuri katafila ce, a wani wuri sakaci, amma sakamakon ɗaya ne.

Ba doka aka rasa ba. Nijar tana da dokar 30 ga Yuni 1997 kan kare kayan tarihin ƙasa, kuma tun 2006 aka saka Birnin Damagaram da fadar Sarki cikin jerin wuraren da ƙasar ke neman UNESCO ta amince da su. Tsohon garin Agadas, mai hasumiyar ƙasa ta mita 27, ya shiga jerin kayan tarihin duniya a 2013. Sai dai takarda ba ta hawa tsani. Abin da ya tsayar da masallacin Jenne a Mali shi ne fitowar gari baki ɗaya kowace shekara a yi masa yaɓe. A nan gida ma muna da shaida cewa ƙasa ba kayan jiya ba ce: magini Falke Barmu ya fara ginin masallacin Yama a jihar Tawa a 1962, ginin ya ci kyautar Aga Khan a 1986, a Dandaji kuma, da jama'a suka buƙaci sabon masallaci, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun tsara musu shi da bulon ƙasa, tsohon kuma aka gyara shi ya zama ɗakin karatu a 2018, ba a rushe shi ba.

Mun ƙare yawonmu a ƙofar fada, inda dogarai suke zaune da jajayen riguna, katangar tana tsaye daram saboda akwai mai kula da ita. Mun leƙa gidan da aka ce Barth ya sauka a ƙarshen 1852, sannan muka koma tasha. A hanyar komawa na yi ta auna abin da na gani. Mutanen Birni suna da haƙƙin samun ruwan famfo da wuta da hanyar da motar asibiti za ta shiga, kuma ba wanda zai ce su zauna cikin yoyo don baƙo ya ɗauki hoto. Amma gyaran gari da tsare tsohon gini ba kishiyoyi ba ne. Duk lokacin da za a kashe kuɗi kan tsakiyar wani birni, magudanar ruwa ta lunguna ta riga kwalta, kada a ɗaga titi ya fi daɓen gidaje tudu, kada a cike kududdufin da ke shanye ruwan unguwa a yanka shi filaye. A ware kaso na yaɓe da azara ga gidajen gado da magada suka kasa, a zauna da Sarkin Magina kafin a zana taswira, a biya tsofaffin magina su koyar da samari.

Wannan aikin bai tsaya kan Damagaram ba. A Tasawa da Mayahi da Sarkin Hausa akwai zauren mai gari, da tsohon masallacin unguwa, da rumbunan ƙasa waɗanda ba a taɓa rubuta su a wani littafi ba. Magajin gari da masu unguwanni za su iya zagayawa da rani su lissafa su, su san wanda ke da mai kula da wanda ba shi da, a sa ranar aikin gayya kafin hadari ya fara haɗuwa. Kawu ya haura saba'in, kuma cikin samarin garinmu babu wanda ya iya ɗaurin bakan gizo. Idan ba a sa yara a gabansa da ire-irensa yanzu ba, ranar da za a sami kuɗin sake gina abin da ya faɗi ba za a sami hannun da zai gina shi ba.