Brienz: Kwanan Otal a Bakin Tafki da Kuɗi Kaɗan

Jirgin ƙasan da ke tashi daga Interlaken zuwa Luzern gefen tafki yake bi, cikin kamar minti 20 kuma ya sauke ka a Brienz, wani ɗan gari a jihar Bern ta ƙasar Suwizalan mai mutum 3,000 da 'yan kai. Mai kama ɗaki ta intanet ya buɗe ido, don akwai wani ƙauye mai wannan suna can gabas, a jihar Graubünden, kuma tsakaninsu akwai tafiya. Na bakin tafki nake nufi.

Da saukata na ga komai a waje ɗaya yake. Bayan tasha ga inda jiragen ruwa ke tsayawa, tsallaken titi ga tashar jirgin da ke hawa dutse. Garin siriri ne, dutse ya matse shi ta baya, ruwa ya tare shi ta gaba, babban titi ɗaya ne ya ratsa shi. Don haka kuɗin tasi asara ne. Ja akwatinka kawai. Ruwan tafkin kore ne mai sirkin shuɗi, saboda garin duwatsu da kogin Aare ke kwasowa daga ƙanƙarar da ke narkewa a tsaunuka. Tsawonsa ya kai kilomita 14, zurfinsa wajen mita 260, kuma ko da rani yatsa ka tsoma sai ka janye.

Masaukin da na sauka gidan katako ne na iyali, furanni jajaye sun cika barandarsa. Dattijuwar da ke karɓar baƙi ita ce ke lissafin kuɗi, ita ce kuma na gani da safe tana yanka burodi. Na tambaye ta mafi arahar ɗakinta, sai ta jera min su ba ɓoye-ɓoye. Mai kallon tafki da banɗaki a ciki, na mutum biyu, a watan Yuli ko Agusta yakan kai faran 200, wato kuɗin Suwizalan. Na baya, mai kallon dutse, wanda ake tarayyar banɗaki a baranda, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Shi na ɗauka. Tsabtar ɗaya ce, tafkin kuma taku kaɗan ne daga ƙofa, kallonsa kyauta. Ta ƙara da cewa wanda ya rubuto musu kai tsaye ya fi samun rangwame, tunda ba su da la'adar da za su biya dillalan intanet. A watan Mayu da ƙarshen Satumba farashi kan sauko, a Nuwamba kuwa wasu masaukan rufewa suke yi su huta. Wanda wannan ma ta fi ƙarfinsa, akwai masaukin matasa a gefen gari. Suna ne kawai, mai furfura ma ana karɓarsa, gado ɗaya a ɗakin haɗaka wajen faran 50.

Akwai ɗan harajin baƙi na faran kaɗan a kowane dare, wanda ba kullum yake cikin farashin da ka gani ba. A madadinsa ake ba ka katin baƙo mai rage kuɗin wasu wurare. Idan an manta ba a ba ka ba, ka tambaya. Irin waɗannan ƙananan otal ba su da mai gadin dare, saboda haka mai isowa a makare ya sanar tun da rana, a ajiye masa makulli a wani ɗan akwati mai lamba. Soket ɗinsu ma nasu daban ne, ramuka uku sirara, filogin da muke amfani da shi a Najeriya ba ya shiga; sayo mahaɗi tun daga gida ya fi. Ƙarfe 10 na dare gari yake yin tsit, mai hira a waya sai ya sassauta murya.

Inda kuɗi ke zurarewa da gaske shi ne ciki. Faranti ɗaya na abincin dare a gidan abinci yana tsakanin faran 25 da 40, kofin gahawa kusan faran 5. Shi ya sa karin kumallon otal, in yana cikin kuɗin ɗaki, ba abin wasa ba ne: burodi iri-iri, cuku, man shanu, zuma, madara da dafaffen ƙwai. Yankakken naman da ke gefe galibi na alade ne, Musulmi sai ya kauce masa, haka ma soyayyen dankalin nan nasu da ake kira rösti, a tambaya kafin a ci, don sau da yawa ana barbaɗa masa naman alade. A ci a ƙoshi a teburi, amma naɗe burodi a sa a jaka abin kunya ne a wurinsu.

Da rana babban kanti na nufa. Burodi, cuku, tuffa da yogot ba su kai min faran 10 ba, na zauna a benci a bakin ruwa tare da ma'aikatan gari masu irin wannan kalaci. Gab da rufewa, da yamma, ana liƙa wa abincin da ba ya jure kwana alamar ragin kashi 25 ko 50 cikin ɗari. Ruwan gora kuwa ban saya ba ko sau ɗaya. Na famfon ɗaki abin sha ne, haka na famfunan kan titi, sai dai wanda aka rubuta wa gargaɗi. Ranar Lahadi yawancin kantuna a kulle suke, sayayya tun Asabar ake yinta. Wasu wurare suna karɓar yuro, amma canjin da faran za a ba ka, a farashin da bai yi maka daɗi ba.

Daga nan na bi gefen tafki zuwa tsohuwar unguwa, na shiga Brunngasse, wani lungu mai shimfiɗar duwatsu da tsofaffin gidajen katako da rana ta ƙona har suka yi baƙi. Sassaƙa ita ce sana'ar gadon garin, har makarantarta gare su tun 1884. Na leƙa wani shago na tarar da wani magidanci yana fitar da gashin beyar daga guntun itace da ƙaramin kurfi, tsiri ɗaya bayan ɗaya, ɓawon itace ya rufe masa takalmi. Ya bar ni na kalla iya son raina. Farashin na duba, na mayar da hannuna aljihu.

Da hantsi motocin 'yan yawon buɗe ido ke sauke jama'a, 'yan Asiya da Larabawa da Turawa, bakin ruwa ya cika. Kafin magariba sun koma Interlaken, a bar gari da masu shi da 'yan tsirarun da suka kama ɗaki. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9, mai salla ya duba jadawalinsa.

Jirgin dutsen nan na tsallaken tasha a 1892 ya fara aiki, har yau da tururi yake tafiya, yana ɗaukar kamar awa ɗaya kafin ya kai kusa da ƙololuwar Rothorn mai mita 2,350. Zuwa da dawowa yana neman faran 100, kuma daga Yuni zuwa Oktoba yake kaiwa sama. A ganina, in gajimare ya rufe dutsen, riƙe kuɗinka. Jirgin ruwa zuwa magangarar ruwa ta Giessbach ya fi araha, hawa gefenta da ƙafa kuma ba a biya. Bas na kai mutum Ballenberg, inda tun 1978 aka tattaro tsofaffin gidajen manoma sama da 100 daga sassan ƙasar. Wuni guda yake ci, a tafi da guzuri. Mai niyyar hawa biyu ko uku daga cikin waɗannan, ga kuma jirgi daga filin jirgin sama na Zurik da komawa, ya lissafa katin rabin kuɗi na wata ɗaya da ake sayar wa baƙi. Ya haura faran 100, amma yana aiki a jirgin ƙasa da na ruwa da bas da jirgin Rothorn ɗin kansa, kuma ana iya sayensa ta intanet kafin a taso.