Wutar Gidanka Da Ran Wanda Ke Kan Falwaya

 

Duk wanda ya san Dakata ya san unguwa ce da abincin jama'arta ya rataya a kan lantarki: masu ƙanƙara, masu niƙa, masu walda, da ma'aikatan da ke sammako zuwa masana'antun Bompai, wasu har Sharaɗa da Challawa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 janareta ya gagari talaka, sai kuma duhun Oktoban 2024 da ya rufe yawancin Arewa fiye da mako guda. Daga nan faifan sola ya yawaita a kan rufin gidajenmu. Alhamdu lillahi, rana ni'ima ce da ba a kawo mana takardar kuɗinta. Sai dai akwai wani haƙƙi a cikin wannan ni'ima da na ga muna sakaci da shi.

Faifan sola yana cika batir, inbata kuma tana juya wutar batir ta koma irin wadda fanka da firji ke ci, wato bolt 230. Wurin da ake samun matsala shi ne inda za a haɗa inbata da akwatin rarraba wutar gida, domin a wannan akwati wayar KEDCO ma take shigowa. Dole a sa makunnin canja layi, wanda masu sana'ar ke kira canja-oba. Aikinsa shi ne ya yanke layi ɗaya gaba ɗaya kafin ya haɗa ɗayan, yadda wutar biyu ba za su taɓa gamuwa ba.

Lokacin da aka zo haɗa tawa, wani ya ba ni shawarar in rage kuɗi: a jona inbata kai tsaye, in an ɗauke wuta sai in riƙa zare fis da hannu. Mai haɗa wutar, dattijo ne, ya ƙi. Ya ce, “Alhaji, ranar da ka manta fa? Ko ranar da ba ka gida, yaro ya kunna?” Sannan ya bayyana mini cewa wutar inbata za ta bi waya ta fita titi ta shiga taransifoma. Ita kuwa taransifoma yadda take sauko da bolt 11,000 zuwa na gida, haka take ɗaga na gida zuwa dubbai in an ba ta ta baya. Ma'aikacin da ya hau falwaya da tabbacin an kashe layi, daƙiƙa ɗaya ta ishe shi. In kuma aka dawo da wuta alhali suna haɗe, inbata ta ƙone, wataƙila har gobara ta ci gidan maƙwabci.

Ya ɗan'uwa, wannan mas'ala ce ta addini. Hadisi na 32 cikin Arba'una ta Imamun Nawawi ya haramta cutar da wani, kuma a kansa malaman fiƙihu suka gina ƙa'idar gusar da cuta. Kisan kuskure ma Shari'a ba ta bar shi haka ba: akwai diyya, akwai kaffarar azumin wata biyu a jere. To ina ga wanda aka faɗakar, ya san haɗarin, ya zaɓi araha? Mutumin da ke kan falwaya ba ka san sunansa ba, amma yana da iyali da ke jiran dawowarsa, kuma ransa amana ne a hannunka.

Saboda haka ka nemi gwani mai tsoron Allah, ka sayi canja-oba mai kyau, a sa wayar ƙasa, kuma a gwada a gabanka cewa babu wutar da ke fita waje. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya tsare mu daga ɗaukar haƙƙin bayinSa, Ya haskaka zukatanmu da kaburburanmu, amin.