Barewar da Akka Ta Cire

Aikin da aka ba ni a daren nan bai taka kara ya karya ba. In zauna can ƙarshen zaure gaban na'urar fitilu, in riƙa bin takardar da Akka ta rubuta mini: nan a kunna, nan a rage, nan a kashe. Mai kula da fitilun zazzaɓi ya kwantar da shi saura kwana biyu a yi wasa. Ni kuwa maƙwabciyarsu ce a Chennai, wata uku ina leƙa atisayensu da yamma in na dawo daga makaranta. Akka, haka 'yan matan ke kiran malamarsu, wato yaya da harshen Tamil.

Na je Indiya ina ganin na san rawar Indiya, tunda a Kano na tashi, inda finafinansu suka zama 'yan gida. Ranar da na fara ganin atisayen Bharatanatyam na san ban san komai ba. Yara ne a rabin tsugune, gwiwoyi a buɗe, suna dukan ƙasa da tafin ƙafa, Akka na buga sanda a kan ɗan katako tana ƙirga musu. Sai yarinya ta daɗe tana maimaita waɗannan taku, da ake kira adavu, kafin a bar ta ta fara ba da labari da fuska da yatsu.

Abin da suke shiryawa wani yanki ne na Ramayana, inda Sita ta hango barewar zinare a daji ta roƙi mijinta Rama ya kamo mata. Barewar kuwa Maricha ne ya rikiɗe, don ya janye Rama daga bukka, Ravana ya samu damar sace Sita. A asalin rawar, mace ɗaya ce ke yin kowa. Ta juya kafaɗa ta zama Rama, ta sunkuyar da kai ta zama Sita, ta lanƙwasa yatsu su zama kan barewa da ƙahonta. Amma in aka mayar da rawar wasan dandamali, kowa sai an ba shi jikinsa da kayansa da ƙofar shigowarsa. Nan aikin mai tsara rawa yake: me za a nuna, me za a bar wa idon mai kallo ya ƙarasa.

Akka ta ba wata yarinya 'yar shekara goma sha biyu matsayin barewa. An ɗinka mata kaya masu ƙyalli, har da ƙaho. Saura mako guda, sai Akka ta cire ta daga fitowar farko. Yarinya ta sha kuka, uwarta ta zo da fushi tana lissafin kuɗin tela. Akka ta bari ta gama, sannan ta ce da zarar barewa ta shigo da tsallenta, duk idanu sun koma kanta, ba mai sake kallon Sita. Alhali masifar duk daga kwaɗayin da ke idon Sita ta faro. Aka sasanta a kan cewa yarinyar za ta fito a gaba, lokacin da Rama ke bin ta.

Irin wannan tsari yana da tarihi. Rukmini Devi Arundale ta kafa makarantar Kalakshetra a garin nan a 1936, ta kuma shirya Ramayana a wasanni shida tsakanin 1955 da 1970. Tana cikin waɗanda suka zaunar da makaɗa a gefen dandamali, bayan a da a tsaye suke bin mai rawa a baya. Kafin zamaninta ana kiran rawar sadir, gadon matan devadasi ce, masu hidimar wuraren bauta da fadodin sarakuna. Aka yi ta kushe su da sunan tarbiyya, har dokar 1947 ta hana keɓe 'ya'ya mata ga wuraren bauta a lardin Madras. Rawa ta hau dandamali ta samu daraja, mafi yawan masu gadonta suka koma gefe. Balasaraswati, wadda ta fito daga wannan zuri'a, ba ta taɓa yarda cewa rawar kakanninta na da dattin da za a wanke ba.

Ɗaliban Rukmini Devi suna kiranta Athai, ma'ana 'yar'uwar uba. Da aka faɗa mini haka sai tawa gwaggon ta faɗo mini a rai. Ita kiɗan ƙwarya take yi a gidajen biki, in ta kifa ƙwarya a kan ruwa ta saki murya, mata har zani ke kunce musu. Amma a gidanmu ba a ambaton sana'arta, in ta zo ma sai ta duba ko Baba yana nan. Ni kaina ban taɓa gaya wa ƙawayena ba.

Daren wasa ya zo. Akka na zaune tare da makaɗa, tana kaɗa 'yan ƙarafan da ke riƙe wa masu rawa ƙirga, kusa da mai gangar mridangam. Ba ta da hannun da za ta yi mini alama. Da aka iso wurin barewa, takarda ta ce a kashe komai, a bar haske ɗaya a fuskar Sita. Na yi haka. Amma da na ga duhu ya mamaye dandamali sai gabana ya faɗi, na ɗauka na yi ɓarna. Na tura dukkan fitilu sama.

Asiri ya tonu. Ga labule, ga igiyoyi, ga 'yar barewa a lungu da ƙahonta tana sosa ƙafa. Wani ya yi dariya. Sai dai wadda ke yin Sita ko gezau. Idonta ya kama wani abu a dama, ya bi shi a hankali, ya ɗan yi tsalle tare da shi, ya tsaya. Leɓenta ya buɗe kaɗan. Ina rage fitilun hannuna na rawa, sai na ga kawunan mutanen da ke gabana suna juyawa zuwa inda take kallo. Ni ma na juya. Ba komai a wurin sai dandamali.

Bayan an tashi na je ba da haƙuri, ina jiran faɗa. Akka tana kwance wa wata yarinya ƙararrawar idon sawu, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Ƙanwata, duhun nan ni na sa shi. Gobe ki bar mini abina."

Washegari na bar mata abinta. Da na koma ɗaki na kira Mama, na tambaye ta ko tana tuna waƙoƙin Gwaggo. Ta yi shiru har na zaci layin ya yanke. Can ta ce in sake kira in Baba ya fita masallaci.