HULAR DA BA A GAMA BA: LAIFIN WA?

Jama'a, kwanan nan duk inda ka zauna a Kura hirar ɗaya ce: taki ya yi tsada, fetur ya yi tsada, shanshera kuma ta ƙi kuɗi. Gaskiya ne, kuma duk muna ciki. Amma yau wata asara nake so mu duba, wadda ba a lissafa ta da buhu, ita ce sana'ar hannu da kowannenmu ya fara don sha'awa ya ajiye, kuma har yau in ya tuna sai ya ji kamar ya ci amanar wani.

Ni tawa ɗinkin hula ce. A wajen kawuna na koya, tun daga zane har cike. Akwai wata da na kai rabi, tana cikin akwati da allurarta a soke, ta fi shekara huɗu. In na buɗe neman wani abu na gan ta, wallahi sai in yi sauri in rufe, kamar na hango mai bi na bashi. Na san ba ni kaɗai ba ne. Wani rubutun waƙa ya bari, wani zayyanar allo, wata saƙar kwarashi. In ka tambaya amsar ɗaya ce: "Kai dai bari, lalaci ne kawai."

To ni fa ban yarda lalaci ba ne. Mu dubi tarihin garin nan.

Tun kafin a san Kura da shinkafa, da rini aka san ta. Turkuɗin da ake rinawa da baba a buge shi a mabuga har ya riƙa ƙyalli, shi Buzaye suke saya su yi rawani har can Agadas, shi ya sa ake ce masa ɗan Kura. Yaushe iyayenmu suke samun lokacin wannan aikin? Da rani. Damina wata huɗu ce zuwa biyar. Da an kai amfani rumbu, sai masaƙi ya koma kan ƙoshiyarsa, marini ya koma karofi, mata su ɗauki mazari su yi ta kaɗi. Shekara ce ta raba kanta gida biyu, rabi na gona, rabi na hannu.

Sai aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka jawo ruwa ta magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Alheri ne babba, wanda ya ce ba haka ba bai san yunwa ba. Amma ruwan nan da ya kawo mana abinci, shi ya cinye mana rani. Yanzu ka yanke shinkafar damina, kafin ka huta an shiga dashen tumatir da albasa, ga alkama tana jiran sanyi. Ka gama kai kwanduna Kwanar Gafan, sai masara ko shinkafar rani. Wani lokacin layin ban ruwanka cikin dare zai zo. Matan da iyayensu suka yi kaɗi, yau suna gaban tukunyar turara shinkafa tun asuba. A haka ne za a ce mutum ya zauna ya cike hula ɗaya da take cin makonni? Taura biyu ba ta taunuwa.

Ɗan abin da ya rage na dare kuma, mun san inda yake tafiya. Ga shi nan a hannunka kana karanta ni da shi.

Na yi wannan maganar da wani abokina, sai ya yi dariya ya ce, "Malam, hular nan nawa za ta ba ka? Je ka kasuwa ka sayi ta inji ka huta." A lissafin kuɗi ya fi ni gaskiya. Sai dai ba don kuɗi na fara ba. Lokacin da nake ɗinkin nan, shi ne kaɗai lokacin da ba na tunanin bashin taki. Hannu yana aiki, zuciya tana hutawa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya koma auna komai da naira, har hutunsa. Abin da ba ya kawo kuɗi sai a ce ɓata lokaci ne, in ka bar shi kuma ka zauna kana zargin kanka. Ta ko'ina kai ne a ƙasa.

Abin da ya fi damuna ba jin nauyin ba ne. Jin nauyi bai taɓa zura zare a allura ba, sai ma ya sa ka ƙi kallon akwatin. Abin tsoron shi ne yaranmu. Tara 'yan firamare a garin nan ka tambaye su mene ne turkuɗi, ka ga nawa za su amsa. In mu da muka ga ƙarshen abin muka yi shiru saboda kunyar ba mu riƙe shi da kyau ba, to a kanmu zai yanke.

Don haka shawarata mai sauƙi ce. Kada ka jira sai ka samu lokaci, ranin da kakanninmu suka sani ba zai dawo ba. Ware awa ɗaya, ko bayan an sauko daga Juma'a, ka zaunar da ɗanka ko ƙanenka kusa da kai. Ko ba ka gama komai ba, ya ga yadda ake riƙe allura. Masu dattijo a gida da ya taɓa shiga karofi, ku tambaye shi tun yana da ƙarfin ba da labari.

Kai fa, me ka fara ka ajiye? Ke fa, Hajiya? Allah Ya sa wa nomanmu albarka, Ya ba mu damar abin da zuciya take so. Amin.