Wa Zai Gaji Akwatin Ƙwallo?

Mu uku ne muka haɗa kuɗi, muna ɗalibai a birnin Shikago na Amurka, muka sayi wata tsohuwar na'urar fimbol da aka yasar a ɗakin ajiya. Ga wanda bai taɓa gani ba, akwati ne mai ƙafa huɗu da rufin gilashi. Ƙaramin ƙwallon ƙarfe yana gangarowa, mai wasa kuwa yana doke shi da 'yan fikafikai biyu don kada ya faɗa rami. Wata shida muka yi muna laluben wayoyinta kafin fitilunta su kama.

Garin neman kayan gyara muka san tarihinta. A Shikago ɗin nan kamfanin Gottlieb ya fara sanya fikafikan a 1947. Birnin Niyok ya haramta wasan daga 1942 zuwa 1976 bisa zargin caca. A 1992 samfurin The Addams Family ya yi kasuwa, aka sayar da fiye da 20,000. Amma ba a je ko'ina ba Gottlieb ya rufe a 1996, kamfanin Williams ya daina ƙerawa a 1999, aka bar Stern shi kaɗai cikin manya. Masu tarawa a gidaje su suka riƙe wasan har sababbin kamfanoni suka ɓullo, irin su Jersey Jack a 2011.

Da annobar korona ta kulle mutane a gida a 2020, sai farashi ya yi tashin gwauron zabo. Wani dillali ya taya tamu ninki uku na abin da muka biya. Nan gardama ta kaure tsakaninmu. Ɗayanmu ya ce mu sallama tun kasuwa na ci, domin yawancin masu saye dattawa ne masu begen ƙuruciyarsu. Ranar da suka kau, wa zai ba akwati mai nauyin buhun hatsi biyu wuri a ɗakinsa? Ya kafa hujja da gidan tarihin fimbol na garin Banning a Kalifoniya, wanda aka rufe aka yi gwanjon kayansa a 2021.

Hujjarsa tana da ƙarfi, amma ba mu sayar ba. Abin da ya hana mu shi ne ɗan maƙwabcinmu, yaro ɗan shekara goma, wanda kullum yakan zo ya yi wasa, har wata rana ya roƙi mu ɗaga masa murfin ya ga abin da ke motsa fikafikan.

Daga baya farashin ya sauka, wanda ya ce a sayar yana yi mana gori har yau. Mun yarda mun yi asarar kuɗi. Sai dai a ganinmu, muddin akwai yaron da ke son wasan da kuma hannun da ya iya gyara, ba za a rasa mai saye ba. Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Da za mu watse bayan karatu, yaron muka damƙa wa makullin akwatin da ƙarfen lida.