Wa ya kira ka? Zare kan JavaScript

1/ Jama'a, ni a JavaScript abin da na fi so shi ne wanda masu koyo suka fi gudu: this. 🧵

2/ Fankshin bai san ubangidansa ba sai an kira shi. Ka rubuta mota.tashi(), this ɗinsa mota ce. Ka miƙa mota.tashi ga setTimeout, shi ke nan ya manta da ita, this.suna ya koma undefined.

3/ Maganin uku ne. Da call, ka faɗa masa ubangida, ka miƙa masa kayan aiki ɗaya bayan ɗaya. Da apply ma haka, sai dai kayan a jeri guda suke: Math.max.apply(null, [3, 9, 4]) zai ba ka 9.

4/ Shi kuwa bind, da ya zo cikin ES5 a 2009, ba ya kira. Sabon fankshin yake ba ka, ɗaure da ubangidansa.

5/ Za ku ce ai tun 2015 akwai fankshin mai kibiya. Haka ne. Amma ranar da aka ɗauke ka aiki, tsohon kod ɗin wani za a ajiye maka ka gyara. Shi ya sa nake cewa kafin React, a riƙe waɗannan ukun tukuna.